Mu da Maƙwabtanmu Masu Son Wiski Mai Hayaƙi

Kawu, kun tambaya yadda muke zama a Sukotland, ƙasar da ke alfahari da wiski, alhali yawancinmu Musulmi ne. Amsar ita ce ba ma sha, amma zaman tare ya tilasta mana fahimtar abin da maƙwabtanmu suke musu a kansa, domin wanda bai san abu ba bai san yadda zai ƙi shi cikin mutunci ba.

Babbar gardamarsu a kan hayaƙi take. Wajen yin wiski, ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, sannan a busar da shi, kuma wasu masana'antu suna busar da shi ne da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙowa daga fadama a shanya ta kamar tubali. Hayaƙin yana kama tsiron kamar yadda yake kama kifin banda, har ya bi shi cikin kwalba. Tsibirin Islay ne ya yi suna a kan wannan, inda masana'antun Laphroaig da Ardbeg suke tun 1815, Lagavulin kuma tun 1816. Masoyan Laphroaig suna yabonsa da warin magani da na ruwan teku, wanda wasu ba sa iya jurewa ko kaɗan, mutanen da suka fi son na yankin Speyside kuwa suna neman zaƙi da laushi. Dokar ƙasar ta ce dole ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar katako kafin a kira shi wiskin Sukotland, shi ya sa suke ɗaukar kyautar tsohuwar kwalba a matsayin babbar girmamawa.

A nan wahalarmu take. Idan abokin aiki ya miƙo maka kwalbar Lagavulin mai shekara 16 a lokacin Kirsimeti, ya fitar da kuɗi masu yawa kuma da zuciya ɗaya ya yi, saboda haka dattawanmu suna koya wa sabbin zuwa su yi godiya sosai, su bayyana cewa addini ne ya hana, su mayar ba tare da yatsina fuska ba. A daren tunawa da mawaƙi Robert Burns, 25 ga Janairu, muna halarta, amma idan an ɗaga kofuna mukan ɗaga na Irn-Bru, lemon da su ma suke ji da shi. Abin da ya fi bukatar lura shi ne abinci, domin sukan zuba wiski a miyar da ake ci da haggis, wani abincinsu na kayan cikin tunkiya, da kuma cikin cranachan, wani kayan zaƙi na kirim da hatsi, don haka tambayar mai dafawa ta zame mana ɗabi'a.

Akwai Hausawa Kiristoci a cikinmu, wasunsu suna sha, kuma ba ma mai da wannan abin faɗa a tarukanmu, inda ba a kawo giya. Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta ɗalibai masu neman aiki a kantuna da gidajen abinci, tunda hadisi ya haɗa mai sayarwa da mai ɗauka cikin la'ana. Ni ina ganin wajibi ne waɗanda suka daɗe a nan su nemo musu wani aikin tun kafin kuɗin haya ya matsa musu.