Amsa kan ɗebo ɗan nama daga ƙwaƙwalwa don gwaji

'Yar'uwa, kin ce hoton MRI ya nuna wani ƙulli a ƙwaƙwalwar maigidanki, likitoci na son zura allura su ɗebo ɗan nama a gwada, kina tambayar haɗarinsa da ingancinsa. Allah ya ba shi lafiya. Wannan fargabar na san ta, don an yi wa yayana.

Ba a makance ake aikin ba. Hoton ake ɗorawa a kwamfuta, ta auna inda ƙullin yake da hanyar da allura za ta bi ba ta taɓa jijiyar jini ba. Wani a ɗaura masa firam ɗin ƙarfe a ka, irin wanda likitan Suwidin Lars Leksell ya fito da shi a 1949, wani kuma kyamara ce ke bin allurar. Saɓanin da ke tsakanin inda aka auna da inda allurar ta isa bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, hudar ƙoƙon kan kuma 'yar ƙarama ce. Yayana kwana 2 ya yi aka sallame shi.

Haɗari kam akwai, ba zan ɓoye miki ba. Babbansa zubar jini a ciki, sai farfaɗiya ko raunin wani sashe na jiki. Rasa rai bai cika wuce mutum 1 cikin 100 ba. Amsa kuwa ana samunta a kusan 90 cikin 100 ko fiye, sai dai ɗan naman ƙanƙane ne, wani lokaci allura kan ɗebo gefen da bai nuna ainihin tsananin ciwon ba.

Amma ga abin da ya sa nake cewa ku yarda. A hoto, ciwon daji da ƙurji mai mugunya da ƙullin tarin fuka sukan yi kama sosai. Mu duk mun sallama cewa daji ne, har mun fara kuka a ɓoye. Da sakamako ya fito, ashe tarin fuka ne ya dunƙule a ƙwaƙwalwa. Magani ya sha sama da shekara, yanzu ya koma bakin aikinsa. Da an bi zato, Allah kaɗai ya san maganin da za a ɗirka masa.

Ki faɗa wa likita duk maganin da yake sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin. Haka deksametason da ake bayarwa don kumburi: yakan ɓoye dajin da ake kira limfoma har gwaji ya kasa gano shi. Kada ku daina shi da kanku, likitan tiyatar ne zai yanke shawara.