Gwiwa, Himma da Ƙotar Gatari: Amsoshin Tambayoyinku

Wani shugaban ma'aikata ya rubuto yana tambaya: "Malam, me ya haɗa gwiwa da yarda da kai har muke cewa ƙwarin gwiwa? Ai a zuciya abin yake."

Malam, ka lura da wanda mummunan labari ya riska yana tsaye. Kafin ya buɗe baki, gwiwarsa ce ke fara gazawa, sai ka ga yana laluben wurin zama. Wannan Bahaushe ya gani. Ƙwari kuwa, da ƙ mai lanƙwasa, shi ne ingancin abin da zai ɗauki nauyi bai karye ba, shi ya sa ake cewa igiya mai ƙwari, ko yaro ya yi ƙwari. Masu rubuta shi da k zalla sun kai mu kwarin da ruwa ke kwanciya, ko kwarin zuba kibau, a kiyaye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikatau ɗin, wato kalmomin aiki, da ke rakiyar gwiwa. Ana ƙarfafa wa mutum gwiwa, ana ba shi ƙwarin gwiwa, ana sage masa ita, ana kashe masa ita. Duba da kyau, kusan ko'ina wani ne ke yi wa wani. Harshen ya ɗauka cewa rabin ƙarfin gwiwarka yana hannun mutanen da kake aiki da su, musamman na sama da kai. Binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968 ya taɓo wannan. A wata firamare a Kalifoniya ta Amurka, an gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a wannan shekarar, alhali da ka aka tsamo sunayensu. Da shekara ta ƙare, yaran nan, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi takwarorinsu ci gaba a gwaji. Masana sun daɗe suna jayayya kan girman tasirin, amma kallon da na gaba ke yi wa na ƙasa da shi ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai kada ka ɗauka jawabin safiya ya wadatar. Albert Bandura na Jami'ar Stanford, a aikinsa na 1977, ya kawo hanyoyi huɗu da mutum ke samun yarda cewa zai iya: nasarar da ya taɓa samu da hannunsa, ganin irinsa ya yi, ƙarfafawar baki, da yanayin jikinsa lokacin aikin. Ta farkon ta fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da ka damƙa wa ƙaramin aiki ya gama shi da kansa ya fi wanda ka yini kana ce masa "kai gwarzo ne" tsayuwa da ƙafarsa.

Wata malamar makaranta kuma ta ce in bambance mata buri da himma, in fassara "himma ba ta ga rago".

Malama, buri Hausa ce, himma kuwa daga Larabci muka aro ta, ita da niyya da azama. Rago ma yana da buri, wani lokaci ma ya fi na kowa tsawo. Himma ita ce burin da ya tashi tsaye ya kama aiki, don haka karin maganar ke cewa ba a samunta a wurinsa. Ba zagi ba ne, bayanin hali ne, kuma hali yana sauyawa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi mai horar da 'yan wasa: "Ranka ya daɗe, 'in mutum ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota' ba kashe gwiwa ba ne?"

Ɗana, a yadda aka fi amfani da ita, gatse ce ga mai cika baki: kada ka ɓata yawunka wajen musu, ba shi fili aiki ya tona shi. Ƙota ita ce itacen da ake riƙe gatari da shi. Amma ni ina ganin wata fuska a cikinta da ta dace da aikinka, domin mai riƙe ƙota bai ce "ba za ka iya ba", bai kuma tafi ya bar ka ba.

Tun 1945 bajintar gudun mil ɗaya ta tsaya a minti 4 da daƙiƙa 1.4, a hannun Gunder Hägg ɗan ƙasar Suwidin. Ranar 6 ga Mayu 1954, a Oxford ta Ingila, Roger Bannister, ɗalibin likitanci, ya gama a minti 3 da daƙiƙa 59.4. Masu ba da labarin sukan tsaya kan cewa ya yarda da kansa, su manta da abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, waɗanda suka yi ta atisaye tare da shi, kuma a ranar suka shiga gabansa bi da bi suna daidaita masa sauri har zagayen ƙarshe. Su ne suka riƙe masa ƙota. Bayan kwana 46, John Landy ɗan Ostireliya ya karya wannan bajintar a birnin Turku na Finlan, kuma Chataway ɗin nan yana cikin tseren, yana bin sa a baya.