Ɗan ƙarfen da ke bayan fad ɗin birki, dole ne sai da shi?

Tambaya: Salam oga, daga Gombe nake. Ina da tsohon mashin mai birkin faifai a gaba, na kai a canza min fad sai bakanike ya ɓamɓare wani ɗan siririn ƙarfe a bayan tsohon ya wurgar, wai shim ne ba ya aikin komai. Tun ranar in na kama birki sai ƙara. Akwai hatsari ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba shim ne ke tsayar da mashin ba, birkinka zai kama ko babu shi. Amma cewa ba ya aikin komai kam bakaniken naka ya yi son jiki.

Zaman shim tsakanin bayan fad ne da fistin ɗin kalifa, wato gidan ƙarfen da ke riƙe da fad, fistin ɗinsa ke tura fad ya matse faifai. In fad ya matse faifai yana ɗan karkarwa wadda ido ba ya gani, ita ce kake ji a matsayin ƙara, to shim ɗin ne ke shanye ta. Sannan yana rage zafin da ke wucewa ta fistin zuwa man birki, kuma wannan ya fi damuna, don man birki yana zuƙar danshi a hankali, sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 sai wajen digiri 230 yake tafasa amma wanda ya shekara uku huɗu a mashin tun kafin nan zai tafasa, ka ɗauko kaya kana gangarowa daga tudun Tula hannunka na kan birki kawai ka ji liba ta yi laushi ta taɓo hannun mashin. Tsofaffin mashina kuwa wa ke canza musu man birki, sai dai a ƙara. A canza duk shekara biyu.

Don haka in kamfani ya sako shi, a mayar. Sai dai ka fara duba bayan sabon fad ɗin, da yawa suna zuwa da nasu a manne, in haka ne kar a ɗora wani a kai, kauri zai yi yawa taya ta riƙa riƙewa. Kuma don Allah kar a yanko gwangwanin madara a cusa, in bai zauna daidai ba zamewa zai yi.

Abin da nake so ka koma ka tabbatar shi ne shim ɗin ne aka wurgar ko sifirin. Akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a cikin kalifa da ke danne fad kar ya yi rawa, da fil ɗin da ke ratsa shi, waɗannan ba a wasa da su, kuma yaran gareji kan haɗa su duka su kira su shim.

Ƙarar ma ba lallai rashin shim ba ce. Sabon fad a kan tsohon faifai mai zane yakan yi kuka kafin su saba, ga ƙurar hunturu. A kwance a wanke, a ɗan goga fuskar fad da samfefa, a sa giris ɗin birki a fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai da ɗan kaɗan a bayan fad, bayan kawai, ko ɗigo kar ya taɓa fuskarsa ko faifai. A jikin faifan yawanci akwai rubutun MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifan ya kai, a auna, in ya siranta ƙasa da haka sai sabo.

Masu Boxer da Jincheng na birkin ganga kuwa ku ba ruwanku, takalmin birki gare ku, babu wurin shim.