Kada ka rantse a kan hoto

Ɗana, na ga hotuna uku da ka turo ta WhatsApp na tsuntsun da mutumin kasuwar Mile 12 ta Legas yake son sayar mana. Ka ce in faɗa maka ko kanari ne, namiji ne ko mace, da kuma girmansa, wato yaro ne ko babba. To, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kanari ne, irin namu na daji da ake kawowa daga Arewa, ba na Turawa ba. Dubi goshinsa da girarsa, ruwan ɗorawa ne. Ga baƙin layi ya sauko daga gefen baki kamar saje, ƙeya kuma ruwan toka. Tsawon irinsa bai wuce santimita 11 zuwa 13 ba, tafin hannunka ma ya fi shi. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari.

Inda aiki yake shi ne wuya. Buɗe hoto na biyu ka ja shi da yatsa har maƙogwaron ya cika fuskar wayar. Ka ga ɗige-ɗigen nan masu duhu da suka zagayo kamar sarƙar wuya? Na san su ka gani ka ce mini mace ce, kuma ba ka yi wauta ba, domin mace tana da wannan sarƙa, namiji da ya kosa kuwa ƙirjinsa fes yake, rawaya tun daga haɓa har ciki. Amma ƙaramin namiji ma da sarƙarsa yake fita daga sheƙa, ba ya yar da ita sai ya sake gashi, wajen wata 6. Ni kaina, ina yaron shago a Agege, na taɓa sayar da irinsa a farashin mace. Bayan wata biyu mai saye ya zo yana mini godiya, wai tsuntsun ya cika masa gida da waƙa. Maigidana bai yi mini faɗa ba, amma har yau ina jin kunyar shirun da ya yi.

Shi ya sa nake fara duba girma kafin jinsi. A hoto na uku launin jikinsa a koɗe yake, akwai zane-zane a gefen ƙirji, sannan kusurwar bakinsa da sauran laushin nan mai haske na ɗan tsuntsun da bai daɗe da barin ciyarwar uwa ba. Yaro ne. Tunda yaro ne kuwa, sarƙar ba ta zama shaida ba.

Ga kuma batun haske. A ƙarƙashin shuɗin tamfol aka ɗauki hotunan, rawayar duk ta koma kore-kore. Ka ce wa mai sayarwar ya fito da kejin waje da hantsi, ya ɗauko gaba, gefe da baya, kada ya kunna fitilar waya. In da hali ya naɗo muryarsa da asuba, don namiji kan fara gwada waƙa ƙasa-ƙasa tun sarƙar ba ta gama zubewa ba.

Idan ya matsa sai an yi ciniki yau, ka saya a matsayin ɗan kanarin da ba a tantance ba, kuma haka za ka faɗa wa duk wanda ya taya. Ka ware masa keji shi kaɗai, nesa da feshin ruwan sama, da geronsa da ruwa mai tsabta. Ranar Juma'a bayan masallaci zan biyo in gan shi da idona.