Amsar Mama kan komawa filin bishara a Nijar

(Muryar da Mama ta turo gurup jiya da dare ce, na rubuta ta saboda waɗanda ba su da datar saurara)

Salama a gare ku 'yan'uwa a cikin Ubangiji. 'Yata, na ji saƙonki tun shekaranjiya, kin ce ku da maigidanki kun yi shekara shida a gida, yanzu EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, ta ce ku koma Nijar, ke kuma zuciyarki na ta dukan uku-uku, kina tambaya ta ina za ku fara. To bari in faɗa miki abin da ya same mu, tunda mu ma ta nan muka bi.

Mu ƙauye muka zauna tsakanin Madawa da Konni, ba nisa da Galmi inda asibitin ƙungiyar mishan ɗin nan ta SIM yake tun 1950. A 2016 muka dawo gida saboda jinyar surukata, muka ce shekara ɗaya ce, ashe takwas za mu yi. Har mun ɗaure kaya a 2023 sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe boda, sai da aka buɗe a watan Maris na 2024 sannan muka ƙetare ta Illela.

'Yata, ni a raina gida zan koma. Har da makullin ɗakina na riƙe a jaka duk shekarun nan, kin ji. Muna isa na tarar da wata yarinya tana daka a tsakar gidan, bishiyar dalbejiyar da na shuka da hannuna ta yi inuwa, an ɗaure awakin wasu a gindinta. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni ta ce baƙi daga ina? Ashe matar yaron nan ce da Baba, wato maigidana, ya koya wa karatun Littafi Mai Tsarki a zaure, yanzu shi ne fastonsu. Shi ya riƙe ikilisiyar nan lokacin korona, shi ya riƙe ta lokacin da boda ke rufe ko sisi ba ya shigo musu, da geron gonarsa ya ci ya ciyar. Daren nan ban yi barci ba, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Da safe Baba ya ce min, uwargida, ba garkenmu ba ne, na Ubangiji ne, kuma ya riga ya ba shi makiyayi. Ranar Lahadi muka zauna a benci tare da jama'a, Baba bai hau bagade ba sai bayan wata uku da yaron ya roƙe shi da bakinsa.

Don haka in kun isa kada maigidanki ya fara da cewa a da ba haka muke yi ba. Ku fara da gaisuwar mutuwa. Ki samu tsohuwa ɗaya ta lissafa miki duk wanda ya rasu bayanku, ku bi gida gida, na Kirista da na Musulmi duka, ku je gaban maigari tukuna. Ni mako biyu na yi ina wannan, kuma a nan ne maƙwabciyata ta da, wadda mijinta liman ne, ta rungume ni tana cewa ai mun ɗauka kun manta da mu. Ita ta fara aiko min da fura.

Sai maganar kuɗi, wannan kam ku zauna da biro da takarda. Zamanmu na farko jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira 500 ba, da muka koma ta haura 2000, to ki ga ikilisiyar da ke tallafa muku tana turo abin da ta saba turowa da zuciya ɗaya amma in kin canza a Konni sai ki ga ko buhun gero bai saya ba. Ku faɗa musu gaskiya tun kuna gida, ku je zumuntar mata ku yi bayani, kunya ba ta ciyar da yara. Yaran ma ku yanke shawara tun yanzu, can lakwal da Faransanci ake yi, babbar ɗiyarki da ke shirin WAEC ni dai da za a bi tawa a bar ta wurin kakarta ta gama.

Takardu kuma kada ku dogara da yadda kuka sani, Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ku tambayi ofishin EMS a Jos da waɗanda suka ƙetara kwanan nan me jandarma ke nema a hanya, ku sabunta fasfo da katin rigakafin shawara.

Tsoron da kike ji ni ma na ji shi, har a cikin mota ina addu'a ina rawar jiki. Ki kira ni ranar Lahadi bayan sujada, akwai maganar maganin hawan jinin maigidanki da ba zan yi a gurup ba.