Fuskar sojan Bama a ma'aunin 1/35: amsa ga yaron shago

Ka ce min, "Oga, na fenta sojojin Bama guda huɗu, fuskokinsu sun fito baƙi ƙirin, ba a ganin hanci balle kunci, kuma fentin yana ɓarewa da na taɓa." 'Yan ƙananan mutum-mutumin sojojinmu da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama ke nan, a ma'aunin 1/35, wato an rage girman mutum sau 35. Matsala biyu ka kawo, yarona, kuma ta biyun ce ta riga faruwa, don haka da ita zan fara.

Fenti ba ya ɓarewa sai in bai sami abin kamawa ba. Duk sojan da ya fito daga kwali, na roba ne ko na rezin (wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare), akwai maiƙo a jikinsa, na masana'anta da na yatsunka. Ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka cuɗa da tsohon buroshin goge baki, ka bar shi ya bushe da kansa. Na rezin ya fi buƙatar wannan. Daga nan ka bi layin da ke ratsa gefen hannu da ƙafa da wuya, inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, ka kankare shi da bayan reza. In ka bar shi, fenti zai ƙara fito da shi. In za ka goge rezin da sanfefa, ka jiƙa ta tukuna, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Gam ma kowa da nasa. Siririn gam irin na Tamiya narkar da roba yake ya haɗe ta, shi ya sa ba ya yin komai a kan rezin. Rezin sai sufa gulu, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Ka huda tafin ƙafa ɗaya da bakin huda na milimita 0.8, ka soka waya, ka kafe ta a murfin gora. Daga lokacin murfin za ka riƙa riƙewa, hannunka ba zai sake taɓa sojan ba. Sai faraima, fentin share fage da ke sa sauran fenti su kama, feshi biyu marasa kauri daga nisan santimita 25 zuwa 30, ka bar ta ta kwana. In ta masu fentin mota ka sayo, gwada ta a kan ragowar robar kwalin, domin wasu suna cin roba.

To, fuska. Ka ɗauki baƙin fenti ka shafa, shi ne kuskuren. Fita bakin shago da hantsi ka dubi fuskar duk wanda ya wuce. Goshi, karan hanci, saman kunci da haɓa suna ɗaukar haske, akwai ja-ja a cikinsu. Duhu yana ƙarƙashin gira, gefen hanci, ƙasan leɓe da ƙasan muƙamuƙi. In ka fara da baƙi, ka ƙure duhu tun daga farko, babu abin da ya rage da za ka yi inuwa da shi. Kuma sojan nan tsayinsa milimita 50 ne kacal, kansa bai wuce milimita 7 ba. Abu ƙarami haka ba ya yin inuwar kansa yadda ido zai gani, kai ne za ka zana masa ita.

Ga haɗin da za ka fara da shi. Shimfiɗar farko: kashi 3 na ruwan ƙasa mai duhu, wanda ake rubuta Burnt Umber a jikin kwalbarsa, da kashi 1 na ja mai ruwan ƙasa. Ka sirka da ruwa har ya yi tsinkin madara, ka shafa sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Inuwa: wannan haɗin da ɗan shuɗi mai duhu ko shunayya, kaɗan ƙwarai, a wuraren da na lissafa. Haske: haɗin farko da rawaya mai ruwan ƙasa da ɗan ruwan lemo, mataki uku, kowane mataki ya fi na baya haske kuma ya fi shi ƙanƙantar wuri, har na ƙarshe ya zama ɗigo a kan hanci da saman kunci. Kada ka haska da fari. Fari yana mayar da baƙar fata toka-toka, sojan ya fito kamar marar lafiya. Tafin hannu ya fi bayansa haske, kada ka manta. Kuma kada ka yi wa su huɗun launi ɗaya, ka ƙara ja a wani, ka ƙara duhu a wani, domin bataliya ɗaya ta tara mutane daga wurare dabam-dabam.

Ido ne ke lalata aikin yara da yawa. Yi lissafi: in ka kalli sojan daga santimita 30, daidai yake da kallon mutum daga mita 10 da ɗoriya. A wannan nisa, mutumin da ke ƙarƙashin malafa cikin rana, farin idonsa da ƙyar ake gani. Siririn layi mai duhu ya isa. In ka nace sai ka sa fari, ka sirka shi da launin fata, ka sa ƙwayar ta taɓa fatar ido ta sama. Zanen aska a kunci kuwa, layi ɗaya mai duhu da bakin burushi mai lamba 0, ba ƙari.

Wani abin da ba ka tambaya ba amma na gani: kawunan da ke wuyansu na Turawa ne, tunda kwalin sojan Ingila ka saya. Jiki da bindiga suna da amfani, bindigar Lee-Enfield ɗin ce dai namu ma suka riƙe, kuma a ma'aunin nan tsayinta wajen milimita 32 ne. Kan ne za ka canza da na rezin da ake sayarwa dabam, ko ka gyara hanci da leɓe da ɗan Milliput (abin cike gurbi da ake murzawa kamar laka ya daskare), ka kankare gashin, ka ɗora malafa. Ka ƙara adda a ƙugu. Sannan ka tsai da rundunar da kake nufi cikin rundunonin Afirka ta Yamma biyu da suka je Bama. Ta 81 alamarta baƙin gizo ne a kan rawaya, ita ta shiga kwarin Kaladan. Ta 82 alamarta mashi biyu ne a gicciye da gammo, kuma a cikinta ne yawancin bataliyoyin Najeriya da suka yi yaƙi a yankin Arakan na Bama suke. Rundunonin biyu sun haɗu a garin Myohaung a Janairun 1945. Gammon nan ba ado ba ne. Inda mota ba ta shiga, a ka aka ɗauki kaya. Ƙaramin fagen yaƙin da za ka jera su a kai, in babu ko mutum ɗaya da kaya a kai, da gora da taɓo a ƙafa, bai nuna yaƙin yadda kakanninmu suka yi shi ba. Kakinsu kore ne wanda rana da ruwa suka koɗar, don haka ka haska kafaɗu da gwiwa, ka duhunta hammata da baya inda gumi ke zama.

Yanayin Kaduna ma yana cikin aikin. Da hunturu fentin akirilik, irin wanda kake sirkawa da ruwa, yana bushewa a bakin burushi kafin ka kai shi fuska. Sami roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ka ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka haɗa launi, zai daɗe da danshi. Da ka ajiye soja ka kife masa kofi saboda ƙura. Da damina matsalar ta banish ce, wato ruwan kariya da ake fesawa a kan fenti bayan an gama. In ka fesa banish marar sheƙi ranar da iska ta cika da laima, yana iya bushewa fari-fari ya rufe duk aikin fuskar. Ka jira rana ta buɗe, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur, ka gwada a kan wani abu tukuna.

Waɗannan huɗun ba su lalace ba. Jiƙa su a sifirit na isofurofil, ka cuɗa da buroshi, akirilik zai fita. Na rezin kada ya daɗe a ciki, yana iya yin laushi. Ka fara da guda ɗaya, ka kawo min shi bayan shimfiɗar farko da inuwa, kafin ka sa haske.