Amsa ga Malam mai tambayar MySQL ɗin da ke yin nauyi

Wa'alaikumussalam Malam. Ka ce teburin mahajjatan ofishinku na nan Jidda da ke cikin MySQL, manhajar ajiye bayanai, ya haura layi miliyan da yawa, saka sabon bayani yana ta jan ƙafa musamman yanzu da umarar azumi ta matso, kana tunanin canza girman shafi (gutsuren da ake ajiye bayanai a ciki a faifai) ko ka sa kafili, wato ubangidanku, ya sayo sabon saba, kwamfutar da ke riƙe da bayanan.

Girman shafi dai kyale shi. InnoDB, injin da MySQL ke ajiye bayanai da shi, yana zuwa da 16KB, kuma ba a canza shi sai an sake gina datar daga tushe, wahalar banza ce. Zurfin bishiyar da ake jera bayanan a kai, wato B-tree, ma ba shi ne mushkilarka ba, B-tree mai shafin 16KB da ƙaramin maɓalli hawa uku ko huɗu ya isa ya ɗauki miliyoyi, kuma hawan sama kullum suna cikin RAM.

Ni abin da na fi zargi maɓallinka na farko ne (primary key, lambar da ke bambanta kowane layi), tunda ka ce UUID ne, wato doguwar lambar shaida, a CHAR(36), rubutu mai harafi 36. A InnoDB teburin kansa shi ne bishiyar, a jere yake bisa maɓallin nan, to idan lambar bazuwa ce kowane sabon mahajjaci zai faɗa wani shafi can daban, sai an ɗauko shafin daga faifai, in ya cika a tsaga shi biyu, ka ga shafuka rabi-rabi ke nan da wofi. Kamar mai shagon Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ne da ke cusa kaya ko'ina a kanta, kullum cikin kwashewa yake. Da lamba mai hawa bi da bi kuwa ƙarshen bishiyar kawai ake taɓawa, shafi yana cika har kashi 15 cikin 16. Kuma kowane indes na biyu, wato ƙarin jerin da ke saurin nemo bayani, yana ɗauke da kwafin maɓallin nan mai harafi 36, lissafa ka gani.

Na sha gyara irin wannan, wallahi sau da yawa ko faifai ba a taɓa. Koma BIGINT, wato lamba zalla, mai ƙaruwa da kansa, in dole sai UUID to ka ajiye shi BINARY(16), bayit 16 kacal, ko ka ɗauki UUIDv7 da aka tabbatar a 2024 mai farawa da lokaci.

Sai ka leƙa innodb_buffer_pool_size, wato yawan RAM ɗin da InnoDB ke riƙe shafuka a ciki, 128MB yake zuwa da shi, mutane na barinsa haka a saba mai 32GB, abin haushi. In saban na MySQL ne kaɗai ba shi kamar kashi 70 na RAM. Faifai mai sauri na SSD yana taimakawa sosai, amma fara da waɗannan, kuma don Allah ka gwada a kwafi da daddare kafin ka taɓa na aiki.